Ban-Ruwan Na'urar Auna Ƙura

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna, ya yara?

Ni lafiya lau, sai ɗan tari. Hukuma ta kafa na'urar auna ƙura a ƙofar kamfanin simintinmu. In ƙura ta yi yawa za a rufe mu, kowa ya kama gabansa. Sai manaja ya miƙo min tiyo: "Kullum ka jiƙa ƙasar da ke kewaye da ita." Jiya masu bincike suka zo, suka yaba da iskarmu. Na danne tarina har suka tafi.

Wallahi na gaji, Yaya. Duk unguwar nan na'urar ce kaɗai ke shaƙar iska mai kyau.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. In ta tambaya, ki ce aikin lambu na samu.

Ƙaninki