Gardamar Baba Kan Sarkin Ingila

Yaya Adamu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya sanyin Ingila, yaya iyali? Mu nan Dogo Tebo lafiya lau, sai kewarka.

Ka tuna labarinka na sarkin Ingilan nan na zamanin da, wanda majalisarsa ta yi wa shari'a aka sare masa kai? Baba ya ba abokansa labarin a kasuwar shanu, suka yi masa dariya, wai talaka bai isa ya gurfanar da sarki ba. Ya dawo a fusace, ya ce, "Bari Adamu ya zo, su ji daga bakinsa."

Tun ranar, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya leƙa.

A sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Zainabu