Dashen Mangwaro a Bayan Gida

Daren Laraba, 8 ga Janairu, Gwadangaji

Sanyi ya shiga ƙafafuna, barci ya ƙi zuwa. Tun da aka sallamo ni daga asibiti babu abin da ya faranta mini rai kamar ɗan littafin irin shuka da ɗana Bashiru ya karɓo a shagon masu taki. Na yini ina kallon tumatir da karas da kabeji. Can ƙarshe na ga dashen mangwaro, irin na gidanmu na Argungu. Na ce shi nake so a bayan gida.

Bashiru ko ɗaga kai daga wayarsa bai yi ba. Ya ce, "Inna, mi za ki yi da mangwaro? Ki zaɓi latas ko alayyahu. Mangwaro sai mai lokacin jira."

Matarsa ta yi tari don ta ɓoye dariya. Ni na haife shi, yau shi ke auna mini kwana.

Da la'asar na dogara sanda na leƙa bayan gidan. Ashe har an kafa turaku an ja igiya. Maƙwabciyata Hajiya Kulu ta ce magini ya zo ina kwance a asibiti, ɗakunan haya za a gina.

Ban yi kuka ba. Gobe Kulu za ta sayo mini dashen. A tsakiyar igiyarsu zan dasa shi, in ba shi ruwa da hannuna. Ranar da na tafi, Bashiru ya sare shi da nasa hannun, unguwa tana kallo.