Keken da Ba Shi da Sanda

Gumel, 6 ga Yuni, 1994

Zuwa ga aminina Malam Cindo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da iyali da dabbobi. Wahalar man nan ta kai mu maƙura, har tasi ta gagara. Don Allah ranar Alhamis ka duba mini keke a kasuwar Maigatari, mai sauƙin kuɗi, wanda zai jure yashi da ruwan damina. Ka san albashin malamin makaranta.

Naka,
Hezekiah

Maigatari, 11 ga Yuni

Malam Hezekiah,

Sallama da fatan alheri. Na zaga kasuwa. Sababbin sai ƙyalli, ƙarfensu kamar kara. Na ɗora ido a kan wani tsoho baƙi, mai faɗin taya da madigadi gaba da baya. Tsidau bai isa ya huda shi ba. Sandarsa ta tsakiya doguwa ce, daidai tsawonka. In kama?

Cindo

Gumel, 17 ga Yuni

Aminina,

Na gode, amma dakata. Keken na 'yata Purity ne. Ta samu aikin jinya a asibiti, kuma daga gidanmu akwai nisa. Sau biyu ta makara, an ce in ta ƙara za a ba wata gurbin. Na yi nauyin baki ne saboda ban taɓa ganin mace a kan keke a garin nan ba, ga mu baƙi. Mahaifiyarta ta ce gara ta bar aikin da a riƙa nuna ta da baki. 

Hezekiah

Maigatari, 25 ga Yuni

Malam Hezekiah,

Waɗanne baƙi? A rugarmu ta Sule Tankarkar yarinyar nan ta koyi tafiya, lokacin da kake koyar da 'ya'yanmu. Ƙwarya ɗaya suka sha nono da Ummulkhair ɗiyata.

Na samo na mata a hannun wani mutumin Damagaram. Ba shi da sanda, ko da zani za ta hau. Sarƙarsa a rufe take, ba za ta ci tufafi ba, taɓo ba zai shiga ba. Na sa an sake birki. Da kaina zan kawo shi, kuma ni zan raka ta har ƙofar asibiti ranar farko. Mai magana ya same ni.

A gaida Maman Purity, a ce ta kwantar da hankalinta.

Cindo

Gumel, 2 ga Agusta

Baffa Cindo,

Ina gaisuwa. Jiya ruwa ya kama ni a hanya, amma na riga kowa isa. Wani dattijo ya tare ni a bakin kasuwa, gabana ya faɗi. Ashe cewa zai yi, "'Yar nan, matata na kwance a asibitinku, ki kai mata furar nan, kin fi ni sauri." Na kai mata.

Mama na gaishe ka.

'Yarka,
Purity