Allon Ilakkiya da Na Wanke

Madurai

Zuwa ga Yaya Kathiresan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Poongodi, kuma sanyin Toronto bai sake tayar maka da ciwon gwiwa ba. Ubangiji ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai dai na yi wata ɓarna da sai yanzu nake iya ba da labarinta ina dariya.

Ka san 'yarka Ilakkiya shekara uku ke nan tana digirin digirgir a kan ƙwayoyin halittar da shinkafa ke gada, yadda suke tayar da juna ko danne juna idan ruwan gishiri ya shiga gona. Ta cika farin allon ɗakinta da ɗigo da kibiyoyi, kowane ɗigo ƙwaya ɗaya, kowace kibiya tana nuna wa ke juya wa. Jajibirin Ayudha Puja, bikinmu na wanke kayan sana'a da yi musu ado, ta tafi Chennai wajen malaminta. Ni kuwa uwar iyayi, ina wanke kayan sana'ar kowa, na ce ai allon nan shi ne nata. Na sa sabulu na wanke shi fes, na ɗiga masa turaren sandal, har da rataya furanni. Sai da babanta ya leƙo ya dafe kai, ya ce saura mako biyu ta tsaya gaban malamai, sannan na gane abin da na yi.

Yaya, kwana biyu ko shayi bai wuce mini ba. Na ɗauka na wanke shekara ukun yarinyar nan da hannuna.

Da ta dawo ta ga allo, dariya ta yi har da zama a ƙasa. Wai ni da nake zana kolam, adon nan na ƙasa, da garin shinkafa kullum a ƙofar gida, kafin azahar an tattake, yaushe na taɓa yi masa kuka, tunda ƙa'idarsa tana kaina? Ta ce haka nata yake: ma'anar kowace kibiya ta rubuta ta a ƙa'ida cikin kwamfuta, allon na kallo ne kawai. Nan take kwamfutar ta sake zana komai. Sai ta ƙura wa zanen ido. Wata kibiya da ta saba gani a allo ba ta fito ba. Ashe tun bara ta zana ta da ka, babu hujja, ta yi ta dogara da ita. Ta ce da a gaban malamai aka gano, da ta ji kunyar duniya.

Ta gyara, ranar Talata ta tsaya gabansu, sun amince da aikin. Na yi kukan da na riƙe. Babanta yanzu yana yawo yana cewa a ba ni rabin digirin, ni da sabuluna. Duk da haka, idan na kai ƙofar ɗakinta da tsumma, da kaina nake juyawa.

Ka gaishe mini da Yaya Poongodi, da Senthil da matarsa, da ƙaramar Thamarai. Dokta Ilakkiya tana gaishe da kawunta.

Ƙanwarka,
Vasantha