Lungunmu a Taswira

Litinin, 12 ga Satumba, 2022
Ranar zaman gida na dole da ake yi a nan Onitsha duk Litinin, ban fita tallar tuwo a kasuwar Ose ba. 'Yata Rahinatu ta zauna da waya tana zana unguwarmu a taswirar intanet: masallaci, famfo, kwata, har shagon Dogara mai nama. Wai aikin sa-kai ne na 'yan makarantarsu, kowa ya saka inda yake zaune.

Laraba, 14 ga Satumba
Na ce mata, "Ke a Onitsha aka haife ki, amma ba ki san kwanan gudun rikici a barikin soja ba. Ni na kwana, kina goye." Duk mai waya ya san inda Hausawa ke kwanciya? In rikici ya tashi fa? Ta ce, "Umma, masu son cutar da mu sun san hanya. Masu taimako ne ba su sani ba." Na hana ta saka lungunmu.

Asabar, 24 ga Satumba
Ta zo da ƙawarta Obiageli, suna ɗaukar hoton magudanar ruwa. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni. Duk da haka...

Juma'a, 7 ga Oktoba
Ruwan kogi ya shigo unguwa. Ruwa har gwiwa a tsakar gida.

Lahadi, 9 ga Oktoba
Jiya masu kwale-kwale suka zo, Obiageli a gaba riƙe da waya, suna bin lungu-lungu yadda aka zana. Muna jin muryoyinsu suka wuce bakin lungunmu, don ba ya cikin taswirar. Inna Dije, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, ba ta iya tafiya; mun ɗora ta kan tebur. Rahinatu ta faɗa ruwa har ƙirji ta bi su tana ƙwala kira da Igbo. Na tsaya ina salati, ba na ganin kanta. Da suka dawo tare, muka saka Inna Dije a kwale-kwale.

Alhamis, 27 ga Oktoba
Ruwa ya janye, laka ko'ina. Har yanzu ina tsoron taswirar nan, Allah ya sani. Yau Rahinatu za ta fita duba gidajen da suka rushe don ta saka su a taswirar, na yafa mayafi na bi ta. Don dai kada ta tafi ita kaɗai. Ni na riƙe mata lema.