Har Yanzu Gem Ɗinka Bai Fito Ba, Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanina Nasiru, autan Inna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Addu'a ce ke isa, ita kuwa ba na fashin ta. Amma akwai labarin da ya cika min ciki, kai ne mai shi, kuma ban saba jin labari in kasa kawo maka ba. Shi ya sa na rubuta a nan. Abokanka da suke bin shafina tun bayan rasuwarka, in sun karanta su sa ka a addu'a.

Bari in fara da abin da na san za ka fara tambaya. Gem ɗinka bai fito ba.

Kana sakandare ka fara nuna min shi. Na zo daga Balan duba Inna lokacin tana jinya, ina tankaɗe a tsakar gida, ka tsuguna ka turo min waya har kusa da hanci. Hoton wani mutum ne a tsaye cikin kwalekwale, sama ta yi ja a bayansa. Ka ce wannan kanti ne na intanet inda ake sayar da gem, wasan nan da ake bugawa a waya ko talabijin, wannan kuma ba a gama haɗa shi ba, amma an rubuta a ƙasansa cewa yana nan tafe. Na ce kantin da ke baje hoton kayan da ba shi da su ai ba kanti ba ne. Ka ce, "Yaya Binta, ke dai ki jira baɗi."

Baɗi ta zo ta wuce. Inna ta rasu. Ka gama makaranta, kuka buɗe shagon caji da gyaran waya kai da abokinka Sabi'u a bakin kasuwar Gaya. Ka sayi na'urar gem ta hannu da ƙaramar talabijin, ka jera su a ɗakin soro. Ka auro Rukayya daga Ajingi. Duk wannan mutumin yana nan tsaye cikin kwalekwalensa. Kowace shekara masu haɗa shi su ba da haƙuri su ɗaga, kai kuma ka zo ka ba ni haƙurin kamar kai ka yi laifin.

Har ya zama abin tsokana a gidanmu. In aka tambayi babban wanmu Yaya Sale yaushe zai gyara katangar da ruwa ya ci, sai ya ce ranar da gem ɗin Auta ya fito. Ba ka taɓa fushi ba. Sai ka yi murmushi ka ce, "Ai ba su ce sun fasa ba."

Akwai wani jiran da ba mu taɓa tsokanarka a kansa ba. Rukayya ta yi ɓari na farko, muka ce ƙuruciya ce. Da ta yi na biyu ka hau babur ka same ni a Balan, na kawo maka ruwa ka ƙi sha. Ba ka yi kuka ba. Tambayata kawai ka yi ko irin wannan ta taɓa faruwa da Inna. Na ce ta faru, shi ya sa akwai tazara mai yawa tsakanina da kai. Ka daɗe kana kallon ƙasa, sannan ka ɗauki kofin ka shanye.

Zazzaɓin da ya ɗauke ka mun ɗauka na damina ne, irin wanda ake shan magani a fita gona. Ba zan tsaya a wannan wurin ba, Auta. Har yanzu hannuna ba ya iya rubuta shi.

Bayan sadakar arba'in Yaya Sale ya ce a raba gado a sauke maka nauyi, kuma gaskiya ya faɗa. Aka fito da kayanka tsakar gida, babur da talabijin da na'urar da waya. Har an samu wani daga Wudil da zai sayi na'urar, wayar kuma Sabi'u zai goge komai a cikinta a sayar. Ina ɗaki ina ninke rigunanka Rukayya ta riƙe min gefen zani. Ta kasa kallona. Ta ce tun kafin ka kwanta ciwo take zaton tana da ciki. Ba ta gaya maka ba, tana jira ya kankama tukuna, don kar ta sake sa maka rai ya zube.

Na fita na raɗa wa Yaya Sale, shi kuma ya raɗa wa Liman. Liman ya ce a mayar da komai inda aka ɗauko shi. Ba a raba gado in akwai ciki sai an haihu, domin na cikin cikin shi ma magaji ne in ya zo da rai. Aka kulle ɗakin soro, aka miƙo min mukulli. Na nemi izinin maigidana na dawo gida da zama, in zauna da Rukayya tana takaba.

A nan na san jira. Kullum da safe fuskarta nake fara dubawa kafin in gaishe ta. In ta ɗauki bokiti in ƙwace, in ta sunkuya shara in ƙwace tsintsiyar, har ta ce, "Yaya, ko numfashin ma ki karɓa ki yi min." Akwai ranar da ta ga jini kaɗan, muka ruga asibiti a a-daidaita-sahu, ina riƙe da ita ina karanta duk abin da ya zo bakina. Aka ce ta kwanta ta huta, ba kome. Ka san al'adarmu, ba a zancen ciki, ba a sayen kayan jariri tun bai zo ba. Ni kuwa na wuce al'ada. Ko a zuciyata ban yarda na sa rai ba. In tunanin goya ɗanka ya zo min sai in tashi in kama wanke-wanke. Gani nake in na sa rai ya zube, ba zan iya tashi ba.

Sabi'u ya ce waya in ta daɗe a kashe batirinta kumbura yake yi, tunda kuma amana ce a hannuna in riƙa sa ta a caji. Haka nake yi da 'yar solar gida. Wata safiya wayar ta yi ƙara, na duba, sai ga mutumin nan na kwalekwale, da dogon Turanci a ƙasansa. Sunanka kaɗai na iya tsinta a ciki. Na ce shi ke nan, abin ya iso, mai shi ba ya nan.

Ni a sanina duk abin da aka saya daga nesa a mota ake sako shi, direba ya kira mutum ya zo ya karɓa. Na ce ba zan bar kayanka su kwana a tasha rana tana dukansu ba. Na zura hijabi na tafi tasha.

Na samu kamasho na ce na zo karɓar saƙon Nasiru mai caji. Duk sun san ka. Suka yi min ta'aziyya, sannan suka shiga bincike tsakaninsu da Allah. Aka ɗaga buhunan taki, aka juya kwalayen magani, har wani ƙarfen injin markaɗe aka nuna min ko shi ne. Kamasho ya ce daga Kano aka sako ko daga Legas? Na ce daga intanet. Wani direba da ke cin rake a gefe ya ce, "Hajiya, mu dai layin Kano muke yi, motar intanet ba ta fara lodi a Gaya ba tukuna." Wani dattijo ya daka masa tsawa, ya ce in je wajen abokin aikinka zai fi sani.

Sabi'u ya karɓi wayar ya karanta, na ga yana cije leɓe. Ya ce gem ba a kwali yake zuwa ba, cikin na'urar yake sauka kamar yadda hoto ke shigowa waya. Na ce to ya sauka ɗin? Ya ce, "Yaya, ɗagawa suka sake yi. Haƙuri suke ba shi."

Auta, dariya ta kama ni a tsakiyar kasuwa. Rabona da dariya tun kana raye. Na riƙe teburin cajinku ina yi, Sabi'u yana yi, har ta juye mana kuka mu biyun, masu karɓar waya suna tsaye sun rasa wanda za su ba haƙuri.

Na dawo gida na ba Rukayya labari tun daga kamasho har mai rake. Ta yi dariya tana riƙe ciki tana cewa in bari. Can sai ta kamo hannuna ta ɗora a gefen cikinta. Na ji motsi, ƙarami, kamar kifi a cikin ƙwarya. Ta ce, "Shi ma ya ji labarin babansa."

A ranar na zauna na yi tunaninka. Shekara da shekaru kana buɗe hoton nan, ana ɗaga maka, ana yi maka dariya, ba ka taɓa jin kunyar sa rai ba. Kuma jiran bai hana ka komai ba, ka yi sana'a, ka yi aure, ka yi zumunci. Ni yayarka da na goya ka na kasa abin da ka iya. Ranar kasuwa na sayi 'yar riga fara da hula, na cusa su a ƙasan akwatina, ban gaya wa kowa ba. In Allah Ya kawo, ga riga. In bai kawo ba, Shi ne mai iko, amma na daina guje wa fata.

Cikin zafin bazara naƙuda ta zo, da hantsi. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin haihuwa na ji kuka, mai ƙarfi, irin na wanda ya zo da niyyar zama.

Kana da 'ya, Nasiru. An sa mata sunan Inna, muna kiran ta Ummi. Kunnuwanka ta ɗauko, waɗannan da muke ce wa faifai, Allah Ya sa ɗankwali ya rufa mata asiri. Yatsunta dogaye ne. Yaya Sale ne ya yi mata huɗuba, bai ƙarasa ba sai da ya tsaya ya share ido da hularsa.

An raba gadon lafiya, ba wanda ya ɗaga murya. Da aka zo kan na'urar, sai Yaya Sale ya ce Ummi mace ce, me za ta yi da gem, a kira na Wudil. Na ce a sa min ita da wayar a cikin rabona. Liman ya dube ni ta saman tabarau, ya ce halal ne. Sabi'u ya gargaɗe ni cewa kafin abin ya fito wataƙila sai sabuwar na'ura, wannan ta tsufa. Na ce ya bar min ita haka. Na lulluɓe ta da zani, wayar kuma ina sa mata data lokaci lokaci, ina leƙa mutumin naka. In ya fito Ummi ta girma, ita za ta karanta min Turancin, mu san inda kwalekwalen nan zai je.

Rukayya ta fita takaba da haihuwar, ta tafi gida Ajingi wankan jego. Rukayya har yanzu yarinya ce, na gaya mata in Allah Ya kawo mutumin kirki ni ce uwar biki. Ta ce in daina wannan zancen tukuna. Duk ranar kasuwar Ajingi ina hawa mota in je. Zuwan da na yi na ƙarshe na samu Ummi ta fara gane mutane. Na ɗauke ta na ce ni ce gwaggonki, ta zuba min ido, ta kama bakin hijabina ta ƙi saki. Har motar ƙarshe ta tashi ina zaune, sai kwana na yi.

Ya Allah Ka jiƙan Nasiru, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka haɗa shi da Inna da Baba a Aljanna. Ka raya Ummi bisa addini, Ka ba ta lafiya da zuciya irin ta ubanta. Ka saka wa Rukayya da alheri. Mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ka huta, Auta. 'Yarka tana hannunmu.

Taka har kullum,
Yayarka Binta, daga Balan.