Hayaƙin Injin Yaya Mijinyawa

Dakoro, ranar Talata.

Zuwa ga ƙanwata Hamdiya, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga ni da dukan mutanen gida, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Alhaji Sharifu da yara. Allah Ya ƙara masa buɗi, Ya raya muku zuri'a. Mu nan ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka a Rumbu da Sabon Maci, mu na cikin gari muna ta kallon gabas. 'Yarki ta wajena, Khadijatul Kubra, ta ci jarrabawarta, yanzu har gyara mini Faransanci take yi, ni da na shekara ashirin da shida ina mushe, ina koyar da yara a lakkol. Na san za ki yi mamakin takarda a zamanin da kowa ke danna waya ya aika murya. Na gwada sau uku, ina kaiwa tsakiyar maganar sai muryar ta ƙi, sai in goge. Alƙalami ya fi rufa mini asiri.

Maganar Yaya Mijinyawa ce. An ce miki tari yake yi, ba a yi ƙarya ba, amma an rage. Bari in faro miki daga tushe, domin da hannuna a ciki.

Kin san injin niƙan da Baba ya bar mana, wanda Yaya yake riƙe da shi tun ba a yaye ki ba. Shekarar da gazuwal, man da injin ke sha, ya yi wuya a garin nan, injin ya kwana tara shiru. Mata suka koma turmi, Yaya ya koma zama a ƙofar ɗakin niƙa kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Ni kuwa, da ciwon nan nawa na son a san na yi karatu, na je na ba shi labarin da na gani a littafi, cewa a zamanin Bajamushen da ya ƙirƙiro irin wannan inji an taɓa tayar da shi da man gyaɗa. Don in ɗebe masa kewa na faɗa. Sai ya ce injin da ya sha man gyaɗa bai mutu ba ai ba mai zaɓen abinci ba ne, zai sha abin da aka ba shi. Washegari na gan shi a garejin Abarci makanike, yana kwasar baƙin man da ake juyewa daga motoci in an canja musu sabo.

Ba zan rage masa ba, ya yi abin da hankali. Sai ya zuba man a tano, babban durom na ƙarfe, ya bar shi a rana wata guda, ruwa da dauɗa su kwanta. Ya ɗebi na sama, ya tace da tsohon rawanin Baba ninki huɗu, ya murza a yatsa ya ji ko da tsakuwa. Ya tayar da injin da gazuwal zalla, in ya yi ɗumi ya buɗe masa gaurayen. Da farko kashi ɗaya cikin biyar, daga baya rabi da rabi, domin Yaya bai taɓa samun abu mai kyau ya bar shi yadda yake ba. Injin ya karɓa. Masu niƙa daga Bader Gula suka riƙa zuwa koyo, shi kuma yana yi musu bayani yana nuna ni, wai ga malamin da ya ba shi fatawa. Ina jin daɗi, Hamdiya. Wannan ma sai na faɗa miki.

Abin da ban karanta ba shi ne hayaƙin. Baƙi ne mai nauyi, mai yaji a ido, ba ya tashi sama, sai ya bi ƙasa ya sauka a kan kaya. Kin kuma san inda bututun hayaƙin yake kallo: tsakar gidan Inna Uwale. Yaya bai wahalar da kansa wajen neman aure ba, katanga ɗaya ya tsallaka ya auro Lami, ga shi maƙwabciyarsa ta zama surukarsa. Shekara talatin ke nan bai ambaci sunanta ba, sai dai ya ce gidan can. In ya hango ta a lungu sai ya tuna yana da saƙo a wani lungun. Wata rana Inna ta ce wa Lami, cikin hira kawai, fararen mayafanta sun daina fari. Lami ta kawo maganar gida ba da wata manufa ba.

Gyaran ba wuya. Abarci ya ce a ƙara wa bututun tsawo ya wuce katanga, iska ta kwashe. Yaya ya ƙi. Ya ce kafin a ɗaure bututun sai an jingina tsani a katangarta, kan namiji ya leƙa tsakar gidanta. In kuma an nemi izininta, an nuna mata ke nan ƙorafinta ya iso kunnen suruki, kunya ta kama ta. Bayan haka duk unguwa za ta ga dogon bututu ta san an yi magana. Sai ya sa aka lanƙwasa bututun ya dawo cikin ɗakin, wai ai hayaƙi ya san hanyar ƙofa. Don kada garin mutane ya yi baƙi, ya rataya tamfol tsakanin injin da wurin da gari ke zuba. Gari ya fito fari tas, mayafan Inna suka koma fari, shi kuma yana zaune a ɓangaren injin daga hantsi zuwa la'asar, shekara biyu da rabi. Da tarin ya fara na tsokane shi, na ce shi da injin sun zama murya ɗaya, ban san wa ke amsa wa wani ba. Ya yi dariya har tarin ya tsinke masa ita.

Watan jiya muka kai shi Maradi. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, lokotoro ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni sigari nawa yake sha a rana. Na ce mutumin da ko goro bai dame shi ba. Da na ba shi labarin injin sai ya ajiye hoton. Ya ce baƙin mai ɗauke yake da garin ƙarfe da guba iri-iri, duk wanda ya ƙona shi a rufaffen ɗaki ƙirjinsa ne matatar ƙarshe. Ya ce abin da ya lalace ba ya dawowa, magani sai dai ya sassauta. Yanzu Yaya ba ya iya kai Fatiha ƙarshe sai ya huta sau uku. A zaune yake sallah, a zaune yake barci. Injin kuwa lafiyarsa ƙalau. Abarci ya buɗe shi ya wanke, ya ce zai ƙara shekara ashirin.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Inna Uwale, da sandarta da shekarunta tamanin, ta shigo gidan Yaya, abin da ba ta yi ba ko ranar sunan jikokinta. Ina wurin. Yana jin sallamarta ya juya ya fuskanci bango, ya ja mayafi ya rufe kansa. Ta zauna a bakin ƙofa ba ta dubi inda yake ba, ta yi magana kamar da Lami take. Ta ce sau ɗaya tak ta ambaci mayafan nan, da ta san inda maganar za ta sauka da ta sa baƙaƙe har ta koma ga Allah. Ta ce a gaya wa maigidan ya maido mata da hayaƙinta tsakar gidanta, ta yafe, ita dai ya tashi. Ta daɗe tana kuka a hankali, Lami na taya ta.

Hamdiya, mutumin da ba ya haɗa kalma uku sai ya yi tari, duk zaman da ta yi bai yi ko ɗaya ba. Ya danne shi. Ina kallon yatsun ƙafarsa suna damƙar tabarma, mayafin yana rawa. Sai da ƙarar sandarta ta fita zaure sannan ya sake shi, ya zo da jini. Da numfashi ya dawo masa ya kama hannuna, ya tambaye ni ko gidan can sun ji. Na ce ba su ji ba. Ya ce alhamdu lillahi.

Don haka ki zo. Na ji kin ce sai bayan girbi. Ni ba lokotoro ba ne, kuma na daina ba da fatawa a kan abin da na gani a littafi, amma na ga yayanki da idona. Ki nemi izinin Alhaji ki taho cikin watan nan. Bai ce a kira ki ba, kin san halinsa, sai dai duk motar da ta tsaya a lungu sai ya ɗaga kai.

Ki gaishe mini da Alhaji Sharifu da kyau, da yaran, Harisu da Nafi'u da amaryarmu Laila. Lami tana gaishe ki, ta ce kada ki tsaya sayen tsaraba. Khadijatul Kubra da mahaifiyarta suna gaisuwa. Ki sa Yaya a addu'a, ki sa Inna Uwale ma, domin ta daina cin abinci sosai. In da saura ki sa ni.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya sa ki same shi.

Yayanki,
Abdulhakim.